Yadda ake sa ido kan ƙanƙarar da ke ɓoye a cikin tsauni

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibin ilimin labarin ƙasa da ke shirin rubuta kundin digirinsa na biyu. Ya ce ya duba bayanan wata rijiyar awo, wato ramin da aka haƙa aka zura ma'aunan zafi, a tsaunukan Alps na Turai, ya ga shekara da shekaru zafin ƙasa a zurfin mita 10 yana nan dab da sifili bai gusa ba, alhali rahotanni na cewa ƙanƙarar cikin tsaunukan tana narkewa. Ya kuma ga taswirar daskararriyar ƙasa ta yankin dabbare-dabbare, nan akwai, can babu. Yana son sanin ko na'urar ce ta samu matsala, ko masu rahoton ne ke ƙara gishiri, da kuma yadda ake sa ido kan abin da ido ba ya gani.

Ɗan'uwa, na'urar lafiyarta ƙalau, masu rahoton ma ba su ƙara gishiri ba. Ni a wurina, rijiyar da ta tsaya cak a rabin digiri ƙasa da sifili ta fi wadda zafinta ke hawa a fili tayar da hankali. Ƙanƙara ba ta narkewa a banza. Kilo ɗaya nata sai ya sha kilojul 334 na zafi kafin ya koma ruwa, kuma wannan adadin ya isa ya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Muddin akwai ƙanƙara a cikin ƙasa kuma ta kusa sifili, zafin da ke saukowa daga sama wajen narkar da ita yake ƙarewa, ba ya raguwa balle ya motsa ma'auni. A ƙasa mai laushi ma narkewar ba ta jiran sifili, tun daga digiri 1 ko 2 ƙasa da shi ruwa ke fara tsattsafowa a jikin ƙwayoyin ƙasar. Shi ya sa in ka jera rijiyoyin awo na Turai, waɗanda suka fi saurin ɗumama su ne masu tsananin sanyi, na cikin dutse zalla a can ƙololuwa ko a arewa mai nisa. Wani nazari da aka buga a 2024 kan rijiyoyi 64 na tsaunukan Turai ya samu wasu irin waɗannan da suka ƙaru da fiye da digiri 1 cikin shekara goma a zurfin mita 10. Masu ƙanƙara da yawa da ke dab da sifili kuwa layinsu a kwance yake, kuma a ƙarƙashin wannan kwanciyar ake ta asara.

Ka riƙe wani bambanci tun yanzu, don shi ne ke rikita ɗalibai. Daskararriyar ƙasa ta dindindin da zafi da lokaci ake gane ta: ƙasa ko dutsen da ya zauna a sifili ko ƙasa da haka aƙalla shekara 2 a jere. Ba a sa ƙanƙara cikin sharaɗin ba. Bangon dutse mai digiri 5 ƙasa da sifili yana iya zama ba shi da ƙanƙara sai 'yar wadda ta cike tsagoginsa, tarin ɓaraguzai kuma da ke dab da sifili yana iya zama rabinsa ko fiye ƙanƙara ce. Tambayoyi biyu ke nan, ko wurin a daskare yake, da kuma yawan ƙanƙarar da ke ciki, kuma ma'aunin zafi ta farko kaɗai yake amsawa.

Dabbare-dabbaren da ka gani a taswira gaskiyar tsauni ce. A filayen Saberiya kana iya tafiyar kilomita ɗaruruwa a kan daskararriyar ƙasa ba yankewa. A Alps kuwa taku ɗari ya isa ka fita daga cikinta. Rana ce ta farko wajen haddasa wannan. Bangon dutse mai fuskantar kudu da ɗan'uwansa mai fuskantar arewa, a tsayi ɗaya, suna iya bambanta da digiri 6 zuwa 8 a matsakaicin zafin shekara, wato abin da sai ka hau mita 1,000 ko fiye kafin iska ta ba ka shi. Shi ya sa ake fara cin karo da daskarar a wajen mita 2,500 a gangaren arewa, amma a bangon kudu sai an wuce 3,000 da nisa. A tsaunukan Andes na Ajantina da Cile lissafin juyawa yake, kudu ce inuwa.

Sai dusar ƙanƙara, wadda ita ce ta fi kowa wayo a wannan lamari. Bargo ce, kuma bargo ba ya zaɓen abin da zai tare. Idan ta zubo da wuri, a Oktoba ko Nuwamba, ta yi kauri ya kai santimita 60 zuwa 80, sai ta rufe ƙasa da ɗumin da ta tara lokacin zafi, sanyin hunturu ya kasa shiga. Idan ta makara ko ta zo sirara, ƙasa ta sha sanyi har ta ƙoshi. Idan kuma ta daɗe ba ta narke ba har Yuli, ta kare ƙasa daga rana. Iska na kwashe ta daga kan tudu ta jibge a kwari, don haka wurare biyu da tazarar mita 20 ke tsakaninsu suna iya yin hunturu daban-daban a shekara guda. Hunturun 2016 zuwa 2017 ya zo da ƙarancin dusa a Alps, sai rijiyoyi da yawa suka nuna ƙasa ta ɗan yi sanyi, duk da cewa iskar shekarun ba ta yi sanyi ba. Wanda ya ɗauki shekara biyu-uku kawai ya yanke hukunci a lokacin, da ya ce ɗumamar ta tsaya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne aikin manyan duwatsu. A gindin bangayen tsauni akwai zubin ɓaraguzai, duwatsu kan duwatsu da sarari a tsakaninsu, kuma iska na yawo a wannan sarari. Da hunturu iskar ciki ta fi ta waje ɗumi, sai ta haura ta fita ta saman gangaren, har takan huda dusa ta bar ramuka masu laɓɓan baki. Fitarta kuma na janyo iska mai tsananin sanyi ta shigo ta ƙasa. Da lokacin zafi sai abin ya juya, iskar sanyin da ke ciki ta fi nauyi, ta gangaro ta fito ta gindi. In ka durƙusa a gindin irin wannan gangare a watan Agusta ka zura hannu tsakanin duwatsu biyu, za ka ji iska mai sanyin gaske na busowa a bayan hannunka, alhali rana na dukan ƙeyarka. Sakamakon shi ne gindin gangaren ya daskare, samansa kuwa bai daskare ba, akasin abin da tsayi kaɗai zai sa ka zata. A Creux du Van, cikin tsaunukan Jura na Suwizalan, akwai ƙasa mai wannan hali a tsayin mita 1,200 kacal, inda matsakaicin zafin iska ya haura sifili da wajen digiri 5, kuma itatuwan da ke kanta sun tsumbure sun ƙi girma.

Da wannan za ka gane cewa taswirar daskarar tsauni hasashe ce ta yiwuwa. Kwamfuta ce aka ba tsayi da fuskar gangare da zafin iska, ta ce nan da alama akwai, nan da wuya. Taswirar da cibiyar binciken dusa ta SLF da ke Davos ta fitar a 2019 ta ɗan gyara lamarin, domin ta raba daskarar gida biyu: mai ƙarancin ƙanƙara, wadda ke bin tsayi da rana sau da ƙafa, da mai yawan ƙanƙara a gindin gangare, inda zaftarewar dusa da faɗowar duwatsu suka binne ƙanƙara tun da daɗewa. Ta biyun tana iya zama can ƙasa, da wani ɗamarar fili marar daskara tsakaninta da ta farko. Duk da haka ban taɓa ba injiniya shawarar ya kafa ginshiƙi a kan launin taswira ba. Taswira wurin da za ka je ka duba take nuna maka.

Duban farko ba shi da tsada. A 1973 wani masani ɗan Suwizalan, Wilfried Haeberli, ya bayyana wata dabara da har yau ake koya wa ɗalibai. A ƙarshen hunturu, wajen Maris, inda dusa ta kai santimita 80 ko fiye kuma ta daɗe a kwance, zafin da ke ƙarƙashinta ya daina jin iskar waje, abin da ke ƙasa kaɗai yake ji. Sai a soka doguwar sanda mai ma'auni a baki har ta taɓa ƙasa. In ta nuna ƙasa da digiri 3 a ƙarƙashin sifili, da alama akwai daskara. Tsakanin 2 da 3, mai yiwuwa. In ba ta kai 2 ba, da wuya. Idon ruwa ma shaida ne, wanda ke fitowa a ƙarshen lokacin zafi bai kai digiri 1 ba, to ya gogi ƙanƙara a hanya. Yanzu an fi binne ƙananan ma'aunai masu batir a zurfin 'yan santimita, a bar su shekara guda suna rubutu. Suna da wata fa'ida da nake so: lokacin da dusa ke narkewa, ƙasar da ke ƙarƙashinta tana zama a sifili daidai na tsawon kwanaki ko makonni, don haka in ma'auninka ya rubuta 0.2 a wannan lokaci, ka san kuskurensa ke nan, sai ka cire shi daga sauran lissafin.

Rijiya ita ce shaidar da ba a musu da ita, amma tsada gare ta. Injin haƙa sai jirgi mai saukar ungulu ya kai shi, da iska ake fitar da garin dutse don ruwa zai ɓata ramin, kuma zafin haƙar kansa yana ɗaukar watanni kafin ya baje, shi ya sa ba a amincewa da bayanan farko. Ana zura igiya mai ma'aunai jere, kusa-kusa a sama, nesa-nesa a ƙasa. Mafi daɗewa a Alps ita ce ta Murtèl, a gindin tsaunin Corvatsch a yankin Engadin na Suwizalan, wadda aka haƙa a 1987 zuwa kusan mita 60. A ƙarshen shekarun 1990 wani shirin Tarayyar Turai mai suna PACE ya haƙa jerin rijiyoyi masu zurfin mita 100 daga Svalbard, ta Norwe da Suwidin, har zuwa Alps, kuma a 2000 Suwizalan ta kafa PERMOS, tsarinta na sa ido kan daskararriyar ƙasa, don aikin ya daina dogara da kuɗin binciken shekara uku-uku. Rijiya na ba ka abu biyu. Ɗaya zurfin ɓawon sama da ke narkewa kowace shekara ya sake daskarewa. Ɗayan kuma zafin can ƙasa, inda hayaniyar yanayi ta lafa: a mita 10 zafin Agusta sai wajen Fabrairu yake isowa, a mita 20 kuwa bambancin hunturu da lokacin zafi ya kusa ɓacewa, abin da ya rage tafiyar shekaru ce.

Kwatanta Murtèl da Schilthorn, wani tsauni a Suwizalan, ka ga aikin ƙanƙara. A Murtèl, inda ƙanƙara ta yi yawa kuma manyan duwatsu suka rufe ta, ɓawon sama ya daɗe a wajen mita 3 da rabi, da ƙyar yake ƙaruwa. A Schilthorn, tsayin mita 2,900 da ɗoriya, ƙasa mai laushi da ƙanƙara kaɗan, ɓawon yana wajen mita 4 zuwa 5 a ƙarshen shekarun 1990, ya kusa 9 a zafin 2003, ya wuce 13 a 2022. Amma rijiya rami ɗaya ne mai faɗin tafin hannu a tsaunin da na gaya maka taku ɗari na sauya shi. Kuma wuraren da aka haƙa ba ƙuri'a ce ta zaɓe su ba, yawancinsu kusa suke da tashar motar igiya ko hanyar da kaya za su iya kaiwa.

A nan lantarki ke shigowa, kuma shi ne ke amsa tambayar yawan ƙanƙarar da ma'aunin zafi ba ya nunawa. Ruwa na barin lantarki ya wuce, ƙanƙara na tare shi. Ƙasa mai danshi turjiyarta, wato ƙarfin da take tare lantarki da shi, ɗaruruwa ce zuwa 'yan dubban om-mita, mai ƙanƙara da yawa kuwa daga dubu goma-goma har ta haura miliyan. Ana kafa turakun ƙarfe a layi, tazarar mita 2 zuwa 5, a haɗa su da doguwar waya, na'ura ta riƙa tura lantarki ta biyu tana aunawa ta wasu biyu, tana sauya su har ta zagaye layin, kwamfuta ta fitar da hoton yankan ƙasa na zurfin mita gomomi. A faɗe da sauƙi. A kan tarin duwatsu babu ƙasar da za ka soka turke, kuma busasshen dutse ba ya karɓar lantarki. Sai ka jiƙa soso da ruwan gishiri, ka cusa shi a tsaga, ka danna turken a ciki, ka bi turaku arba'in da wani abu ɗaya bayan ɗaya da jarka a hannu, kafin ka kai na ƙarshe na farko ya fara bushewa. In an bar turakun a wurinsu ana dawowa kowace shekara a mako ɗaya, hoton bana da na bara za su nuna abin da ma'aunin zafi ya ɓoye. A Schilthorn ana wannan tun 1999. Bayan zafin 2003 zafin ƙasar ya koma kusan yadda yake cikin ɗan lokaci, amma turjiyar ta ɗauki shekaru ba ta farfaɗo ba, alamar ƙanƙarar da ta narke ba ta dawo ba.

Lantarki ma yana da makantarsa, don iska na tare shi kamar yadda ƙanƙara ke yi. Busasshen zubin duwatsu mai rami-rami yana iya ba ka turjiya mai yawa ka rantse ƙanƙara ce. Maganin wannan babbar guduma ce. A jera na'urorin sauraren girgiza a layin nan dai, a doki dutse, a auna lokacin da amon ya ɗauka kafin ya isa kowacce. A iska yana tafiyar mita 330 a daƙiƙa, a ruwa 1,500, a ƙanƙara wajen 3,500. Turjiya mai yawa da amo mai nawa, iska ce. Turjiya mai yawa da amo mai sauri, ƙanƙara ce ko dutse zalla. Christian Hauck da abokan aikinsa sun haɗa awon biyu cikin lissafi ɗaya da ke raba ƙasa kashi huɗu, dutse da ƙanƙara da ruwa da iska. Rauninsa shi ne saurin amo a ƙanƙara da a dutse ba su yi nisa da juna ba, don haka sai ka yi hasashen yawan sararin da ke cikin ƙasar tukuna. In ka ga an rubuta kashi 62 cikin ɗari ƙanƙara ce ba tare da an faɗi iyakar kuskure ba, ka karanta shi a matsayin "da yawa".

Yanzu ga kogin duwatsu. Daga nesa harshe ne na ɓaraguzai da ya zubo daga gindin bango, da kunya-kunya a gadon bayansa masu lanƙwasa zuwa gaba. A ƙarƙashin 'yan mitocin duwatsun sama akwai cakuɗen ƙanƙara da tsakuwa, a masu rai ƙanƙarar kan kai kashi 40 zuwa 90 cikin ɗari, kuma nauyi na jan dukkan abin zuwa kwari a hankali. Goshinsa ne ke gaya maka ko yana da rai. Mai motsi goshinsa a tsaye yake, digiri 35 zuwa 45, launinsa fari-fari don duwatsun sababbin juyawa ne ba su yi gansakuka ba, kuma in ka tsaya a gefe da rana za ka ji tsakuwa na gangarowa jefi-jefi. Wanda ƙanƙararsa ta ƙare tun dubban shekaru ya lotsa a tsakiya, ciyawa da itatuwa sun hau shi. Ƙanƙarar ciki tsohuwa ce. A Lazaun, a Tirol ta Kudu cikin Italiya, an ciro ta daga ƙasa aka samu shekarunta sun haura 10,000.

Motsin ba a ko'ina cikin jikinsa yake ba. Rijiyoyin da aka sa wa ma'aunin karkata sun nuna yawancinsa na faruwa ne a wani siririn sashe mai kaurin 'yan mitoci, galibi a zurfin mita 15 zuwa 30. A Murtèl, wanda shi ma kogin duwatsu ne, yana wajen mita 30. Wannan sashe ne kuma ke kashe rijiyoyin, don sama na tafiya ƙasa na tsaye, wata rana bututun ya lanƙwashe, igiyar ta tsinke. Ƙanƙara mai ɗumi ta fi mai sanyi laushi, ruwan da ya shiga sashen kuma na rage riƙo, saboda haka saurin kogin na bin zafin ƙasa da ruwa. A kan yi wa wasu manyan duwatsu alama da fenti ko ƙusa, a dawo kowace shekara a ƙarshen lokacin zafi da GPS mai auna santimita. A Hochebenkar da ke kwarin Ötztal a Ostiriya tun 1938 ake wannan awo. Abin mamaki shi ne yadda kogunan duwatsu daga Faransa har Ostiriya ke tashi tare su lafa tare: sun zabura a 2003 da 2004, suka ja baya, suka kai sabon matsayi a 2015, suka lafa bayan hunturun nan marar dusa, suka sake tashi a 2020. Na'urorin da aka kafa dindindin sun nuna ko a cikin shekara akwai numfashi, nawa a ƙarshen hunturu, zabura in dusa ta narke ruwa ya shiga, ƙololuwa a kaka. Wannan haɗin baki ne ya sa a 2022 tsarin lura da yanayin duniya na GCOS ya karɓi saurin kogin duwatsu cikin ma'aunan daskararriyar ƙasa, kusa da zafi da zurfin ɓawon sama.

Sai dai ka yi hattara da fassara shi. Kogin da ya rage gudu yana iya zama ya yi sanyi, yana kuma iya zama ƙanƙararsa ce ta ragu har duwatsu suka fara cizon juna, wato mutuwa yake yi. Wanda ya yi gudun fitar hankali kuma sau da yawa siffar gangaren ce ta sa. Na Grabengufer, a saman ƙauyen Randa cikin kwarin Matter na Suwizalan, ya kai gudun da ya haura mita 100 a shekara a hunturun 2009 zuwa 2010, alhali yawancinsu daga 'yan santimita ne zuwa mita biyu-uku. Irin wannan matsala ce ta masu kula da lafiyar ƙauye da layin dogo, ba a sa shi cikin matsakaicin yanki. Labarin yanayi a taron koguna da yawa ake karanta shi.

Tauraron ɗan'adam ya faɗaɗa aikin ƙwarai, musamman Sentinel-1 da aka fara harbawa a 2014, wanda bayanansa kyauta ne. Radarsa na da tsawon zango santimita 5.6, kuma in aka kwatanta hotuna biyu na wuri ɗaya da kwana 6 ko 12 a tsakani, motsin santimita ɗaya-biyu na fitowa. Da shi aka ƙirga dubban kogunan duwatsu a Andes da Himalaya da Tien Shan, inda ba wanda zai je da fenti. Amma dusa na makantar da shi, don haka aikin watannin zafi ne. Mai gudu sosai hotonsa dagulewa yake. Kuma tauraron na tafiya ne kusan daga kudu zuwa arewa yana leƙen gefe, motsin da ya nufi arewa ko kudu da ƙyar yake ganinsa, alhali a Alps gangaren arewa ne matattarar kogunan. Jirgi marar matuƙi da tsofaffin hotunan sama na cike wani giɓin.

Bangayen dutse nasu salon daban ne. A Aiguille du Midi, mita 3,842 a saman garin Chamonix na Faransa, an huda ramuka uku na mita 10 a fuskoki daban-daban a 2009. A Zugspitze ta Jamus ana awon lantarki cikin wani tsohon rami da aka fafe a dutsen. A kafaɗar Hörnli ta tsaunin Matterhorn, inda dutse ya ɓalle a Yulin 2003 har aka kwashe gomman masu hawan tsauni da jirgi mai saukar ungulu, tun 2008 akwai na'urori masu auna buɗewa da rufewar tsagogi.

Za ka ci karo da masu ɗora kowace zaftarewa a kan narkewar daskara. Ka bi su a hankali. A tsaunin Piz Cengalo, kan iyakar Suwizalan da Italiya, ran 23 ga Agusta 2017, dutse kimanin kubik mita miliyan 3 ya faɗo, matafiya 8 suka rasu, malalar laka ta isa ƙauyen Bondo. A ƙauyen Blatten na Suwizalan, ran 28 ga Mayu 2025, duwatsun tsaunin Kleines Nesthorn da suka taru kan kogin ƙanƙara na Birch suka sa ya ɓalle ya binne yawancin ƙauyen. Duka biyun a yankin daskara suka faru, amma tsarin tsagogin dutse da ruwa da kogin ƙanƙarar da ke ƙasa duk suna da hannu, kuma raba wa kowanne kasonsa aikin shekaru ne. Abin da ya fitar da mutanen Blatten, su kusan 300, 'yan kwanaki kafin abin ya auku awon motsi ne, na radar da kyamara da GPS. Haka batun ruwa. A busassun Andes ana kallon kogunan duwatsu a matsayin rumbun ruwa, har dokar kare kogunan ƙanƙara ta Ajantina ta 2010 ta haɗa da su, cibiyar IANIGLA ta Mendoza ta ƙirga su. Rumbun gaskiya ne. Amma ruwan da ke fita daga gindinsu a shekara yawancinsa dusa ce da ruwan sama da suka ratsa suka fito a makare, tsohuwar ƙanƙara kaso kaɗan take bayarwa. A wasu kwaruruwan Tirol ma an samu ruwan na ɗauke da ƙarfen nikel fiye da abin da aka yarda a sha.

Game da kundinka, kada ka sa ran haƙa rijiya, kuma shekara biyu ba ta isa ka ce ga inda yanayi ya dosa ba. Bayanan PERMOS a buɗe suke ga kowa. Ɗauki wuri ɗaya da ke da rijiya da layin lantarki da awon motsi tare, irin Murtèl, ko biyu masu hali daban irin shi da Schilthorn, ka jera su kan lokaci ɗaya da bayanan dusa na tasha mafi kusa, ka duba wanne ke fara motsawa bayan hunturu mai dusa da wuri, wanne ke biyo baya da wata nawa. Kafin ka zana layi ko ɗaya, ka nemi tarihin na'urorin: yaushe aka sauya ma'auni, yaushe tsawa ta ƙone na'urar rubutu, wanne ma'auni ya fara zamewa da tsufa. Canjin da kake nema a rijiya irin wadda ka duba kashi ɗaya ko biyu ne cikin goma na digiri a shekara goma, kuma tsohon ma'auni shi kaɗai yana iya ƙirƙiro maka wannan ko ya shafe shi. A Murtèl, da rijiyar 1987 ta fara gajiya, an haƙa sabuwa kusa da ita a 2015 aka bar su suna aiki tare, don a san bambancin da ke tsakaninsu kafin a ɗinke bayanan. In rijiyar da ka zaɓa tana da irin wannan ɗinki, ka nuna shekararsa a jikin zanenka, ka kuma yi lissafin kowane ɓangare daban kafin ka haɗa su.